Wa Zai Biya Kwanakin Jira?

Takardar kwantiragin ta same ni a Kano a farkon Oktoban 2020, shafi huɗu da Turanci. Wata ƙungiyar ƙasashen waje mai aikin lafiya ce ke neman wanda zai je Akra ya yi kwana goma a unguwannin zango, ya naɗi hira da mutane da Hausa a kan yadda suke karɓar saƙonnin korona, sannan ya fassara. Kuɗin yini ba laifi. Ni kuwa tun watan Maris ban ga aiki mai kauri ba, kuma ɗan jarida mai zaman kansa ba shi da ƙarshen wata. Ranar da bai fita ba, ranar babu ita a lissafi.

Sai da na karanta takardar sau uku kafin na gane abin da ke damuna da ita. An rubuta ta ne don duniyar da ta wuce. Za su sayi tikiti su kama masauki, sauran shirin tafiya nawa ne. Biya sai bayan kwana 60 da miƙa aiki. Can ƙasa kuma ga sakin layin nan da lauyoyi ke sakawa saboda abin da ya fi ƙarfin mutum, mai cewa idan irin wannan ya auku kowane ɓangare na iya janyewa ba tare da ana bin sa komai ba. A shekarar da aka saba, mutum zai wuce wannan layi bai ko kalle shi ba. A 2020 kuwa abin da ya fi ƙarfin mutum shi ne abin da muke kwana da shi muke tashi da shi. Ma'anar layin a fili ita ce, duk asarar da annoba ta jawo ni zan ɗauka.

Na tafi Wapa wurin 'yan canji da biro da takarda. A lokacin dala a hukumance tana wajen naira 380, a hannun 'yan canji ta haura 460. Gana ta buɗe filin jirgin Kotoka ranar 1 ga Satumba, Najeriya ta buɗe na Legas da Abuja ranar 5 ga wata, na Kano kuwa bai koma jigilar ƙasashen waje ba tukuna. Hanyar mota ta Kwatano da Lome babu ita, iyakokin ƙasa a rufe suke ta ko'ina. Kafin in hau jirgi sai na nuna gwajin PCR wanda bai wuce awa 72 ba, kuma a Legas kuɗinsa naira 50,400 a ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Ina sauka Kotoka akwai wani gwajin na dala 150, wato kusan naira 70,000, fiye da mafi ƙarancin albashin Najeriya na wata biyu a lokacin. Kafin in dawo akwai na uku a Akra. Sannan sai na biya na huɗu tun kafin in taso, wanda za a yi mini bayan na killace kaina kwana bakwai a gida. Gwaji huɗu, da mako guda na zaman ɗaki, duk a kan aikin kwana goma. Wani ɗan canji da na saba da shi ya leƙa takardar, ya ce, "Malam, wannan ai kai za ka biya su ladan aikin."

Abin da ya rage shi ne in buɗe baki, kuma nan ne wuyar take. Mu an rene mu a kan cewa yawan sharaɗi rashin yarda ne, kuma mai neman aiki ba ya ɗaga murya. Na sha ganin abokan sana'a sun sa hannu a takardar da ba su gamsu da ita ba don kada a ce sun cika ƙorafi a ba wani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na rubuta wa jami'ar da ke kula da aikin wasiƙa, washegari muka yi kusan awa guda a waya.

Na fara da kafin alƙalami: kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin ya shiga asusuna kafin in bar Kano, da dala, domin naira na zamewa kullum, kuma alkawarin kwana 60 a irin wannan yanayi ragin kuɗi ne a ɓoye. Ta yarda, ta kuma rage wa'adin sauran zuwa kwana 30. Gwaje-gwajen huɗu duka su koma wuyansu, ko sakamako ya yi kyau ko bai yi ba. Wannan ma bai ja dogon zance ba. Na nemi inshorar lafiya wadda ta ambaci korona da sunanta, saboda da yawa daga cikin takardun inshorar tafiya na lokacin sun cire annoba daga abin da suke ɗauka. Na nemi a rubuta cewa ina da ikon ƙin shiga ɗakin da ya cika da jama'a ba tare da an ɗauke shi saɓa alkawari ba. Ta tambaye ni dalili. Na ce mata ni mutumin Kano ne, na ga watan Afrilu. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979 a birnin a wannan tsakanin, kuma ana jin rabi ko fiye korona ce sanadi. Mu da muka yi ta zuwa maƙabarta ba mu buƙaci lissafin ba.

Akwai maganar haraji, wadda yawancinmu ba ma tunawa sai kuɗi sun iso a gutsure. Dokar Gana tana sa a cire kashi 20 cikin ɗari daga ladan aikin wanda ba mazaunin ƙasar ba idan daga can aka biya shi. Na ce a fayyace wane ofishi ne zai biya, kuma adadin da ke takarda shi ne wanda zai shigo hannuna. Akwai kuma takardar izini. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 babu biza, amma damar shiga daban, damar yin sana'a daban. A daidai wannan shekarar ana ta rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi bisa dokar zuba jari ta 2013, wadda ta ce baƙo mai son yin kasuwancin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, har ta kai shugaban majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya je Akra a watan Satumba don a sasanta. Ba na son in tsaya a Nima, ɗaya daga cikin unguwannin zangon Akra, da na'urar naɗar murya ba tare da wata takarda mai bayyana wanda ya aiko ni ba.

Inda muka daɗe shi ne kwanakin jira. Na ce mata, a ce na sauka Kotoka gwaji ya nuna ina ɗauke da cutar, an killace ni. Ko a ce abokin aiki ne ya kamu, an dakatar da mu. Ko a ce an sake rufe filin jirgi ina can. A duk waɗannan ban yi aiki ba, amma kuma ba ni da ikon yin wani aikin, kuma saboda ku na bar gida. Wa zai biya waɗannan kwanaki? Ta ce ƙa'idarsu ita ce a biya ranar da aka yi aiki. Na ce ma'aikacinku mai albashi idan aka killace shi albashinsa na tafiya, ni kuwa nawa tsayawa yake, alhali ɗaki ɗaya za a kulle mu. Ta yi shiru, ta ce za ta tuntuɓi na sama da ita. Bayan kwana biyu amsa ta zo: rabin kuɗin yini, da masauki da abinci, har zuwa kwana 14, haɗe da kwana bakwai na killace kai bayan na dawo. Idan suka soke aikin bayan na bar Kano, za su biya rabin kuɗin gaba ɗaya. Na so a ce idan rufe iyaka ya wuce kwana 14 su ci gaba da riƙe ni har in dawo, suka ƙi, sai dai tikitin dawowa a jirgin farko da ya samu. Na sa hannu a kan haka, ina sane da ramin da ya rage.

Tun kafin in motsa takardar ta fara aiki. Zanga-zangar EndSARS ta kai ga dokar hana fita a Legas ranar 20 ga Oktoba, aka ɗage tafiyar zuwa Nuwamba. Da yake mun rubuta cewa ɗagewa ba ta taɓa kafin alƙalami, kuɗin suka zauna a hannuna, da su na riƙe gida a makonnin.

A Legas na kwana biyu ina kallon agogo. Awa 72 tana fara ƙirguwa ne daga lokacin da aka zura maka tsinken auduga a hanci, ba daga lokacin da sakamako ya fito ba, don haka kowace awa ta jinkiri daga cikin rabonka take fita. Sakamakon ya shigo wayata da daddare, da safe na hau jirgi. Tafiyar kusan awa ɗaya ce, kuma da yake agogon Gana na bayan namu da awa guda, kusan lokacin da ka tashi shi ne lokacin da ka sauka. A Kotoka aka duba katin rigakafin shawara, aka duba shaidar biyan dala 150, aka sake zura tsinke. Muka zauna a jere, kujera ɗaya tsakanin kowane mutum biyu, ba mai magana da wani. Wajen rabin awa aka kira ni aka ce in wuce.

Nima ba ta yi mini baƙunta ba. Tsofaffin fatake Ankara suke kiran Akra, kuma Hausar da ake yi a nan ta sha ruwan wurin: ba ta cika raba namiji da mace ba, za ka ji an ce "yarinyar ya tafi" kuma ba wanda ya ɗaga kai. Da safe ga koko da ƙosai, wanda ko waɗanda ba Hausawa ba da sunan Hausa suke sayensa, da rana ga wake da shinkafa da ganyen kara ya rina. A ƙofar kowane masallaci da shago akwai bokiti mai famfo da sabulu, wanda suke kira bokitin Veronica, da sunan ma'aikaciyar lafiyar Gana da ta ƙirƙiro shi tun kafin annoba. An buɗe masallatai tun watan Yuni bisa sharuɗɗa, kuma duk wanda na yi hira da shi sai ya ambaci babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara ɗari, ya ce tun da shi ya ce a bi doka, magana ta ƙare. Ranar 12 ga Nuwamba tsohon shugaba Jerry Rawlings ya rasu, aka ayyana makoki na mako guda, manyan 'yan takara suka dakatar da yaƙin neman zaɓen 7 ga Disamba. Duk hirar da na fara a kan korona a ranakun nan sai ta karkata ta koma kansa.

A rana ta shida mai ɗaukar hoton da aka haɗa mu ya tashi da zazzaɓi, gwaji ya tabbatar. Aka ce kowa ya koma masauki. Kwana biyar na yi a ɗaki kafin nawa sakamakon ya fito da kyau aka ce mu ci gaba da wani mai hoton. Na ji tsoro a kwanakin nan, ina auna numfashina da dare, ina tuna waɗanda muka binne. Amma ban kwana ina lissafin abin da za a ci a gidana ba, kuma wanda ya taɓa haɗa tsoron ciwo da tsoron yunwa a dare ɗaya ya san girman wannan bambanci. Mai hoton, ɗan Akra ne mai zaman kansa kamar ni, ya sa hannu a takardar yadda ta zo masa. Da na kira in gaishe shi, ya ce mini ranar da ya kwanta ranar kuɗinsa suka tsaya. Na yi wa jami'ar magana, ta ce za ta duba, daga baya suka biya masa kuɗin magani kawai.

Bayan na fito ne na gamu da wani tela. A wani lungu bayan kasuwar Nima yake, saurayi ɗan Damagaram mai aikin wuyan riga, hannunsa na da kyau ƙwarai. Na je ne in yi hira da maigidansa, wani dattijo mai shagon ɗinki, sai na ji Hausar yaron ba ta nan ba ce. Ya zo a watan Fabrairu ta Yamai da Burkina Faso, ya shigo Gana ta Paga, da niyyar wata uku: ya yi ɗinkin ƙaramar salla, a biya shi a kan kowace riga, ya koma kafin damina. Da baki aka yi maganar, a waya, ta hannun wani ɗan garinsu. Ranar 22 ga Maris Gana ta rufe iyakokinta, ƙarshen watan aka sa kulle na mako uku a Akra, aka hana taro, sallar Idi ta watan Mayu kowa a gida ya yi ta. Wanda ba zai je filin Idi ba ba ya ɗinka babbar riga.

"Yaya," ya ce mini, "ni ban ce Alhaji ya cuce ni ba. Ya ba ni wurin kwana, ya ciyar da ni wata takwas. Amma yanzu ya ce abincin da ɗakin bashi ne. Ni kuma na ɗauka baƙonsa nake."

Dattijon ma da na zauna da shi bai ɓoye komai ba. "Ɗana," ya ce, "shaddar da na saya don salla tana nan a jibge. Haya ba ta tsaya ba. Ni na kira shi, gaskiya ne, amma ni na kira ciwon?"

Babu maƙaryaci a cikinsu, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Sun yi magana a kan kuɗin riga har zuwa sidi na ƙarshe, ba su ce komai ba a kan ranar da babu riga. Tsarin da suka bi tsoho ne, shi ya riƙe fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja: baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki ya tsaya masa, ya ci la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Tsari ne mai kyau matuƙar kasuwa na ci. Kuma ba yau annoba ta fara tarar da Hausawa a wannan ƙasa ba, domin Alhaji Umaru na Salga da Karaci, haifaffen Kano, ya bar waƙa da Larabci a kan murar 1918. Yaron ba shi da kuɗin jirgi da gwaji. Masu babur na tsallakar da mutane ta daji a wajen Aflao da Paga, amma ana kamawa, kuma bai yarda ya gudu da sunan bashi a bayansa ba.

Wani malami a unguwar ne ya zaunar da su bayan la'asar, ni ma aka ce in zauna in shaida. Ya fara da cewa ba hukunci zai yanke ba, sulhu zai yi. Ya tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sannan ya kawo abin da ni ban taɓa haɗa shi da takardata ba. Ya ce a fiƙihun Malikiyya, a cikin Risala, akwai babin ja'iha: wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya, sai fara ko sanyi ya lalata sulusi ko fiye, ana sauke masa gwargwadon abin da ya lalace daga kuɗin, ba a barin asarar a kansa shi kaɗai. Ya ce mas'alar ba ɗaya ba ce da tasu, amma ta nuna cewa malamai sun daɗe da sanin bala'in da ba laifin kowa ba, kuma ba su ce mai ƙaramin ƙarfi ya kwashe shi duka ba. Ina zaune ina tuna sakin layin da lauyoyi suka rubuta mini, wanda ya san irin wannan bala'i sarai, ya kuma zaɓi wanda zai bar wa.

"Allah gafarta Malam," in ji dattijon, "to a raba."

Aka raba. Watanni ukun farko da aka yi alkawari a kansu, ci da kwana na maigida ne. Sauran watannin aka yanke musu kuɗi kaɗan, yaron zai biya da aiki, ana cire sulusin ladan kowace riga har ya ƙare. Idan an buɗe iyaka, kuɗin mota har Damagaram na maigida ne, tun da shi ya kira. Yaron ya roƙi a ƙara abu ɗaya, cewa tsohon keken da yake aiki da shi ya zama nasa idan ya gama biya. Dattijon ya ɗan yi jim, ya ce ya yarda. Malam ya rubuta da ajami a takarda biyu, muka sa hannu mu uku a matsayin shaidu. Yaron bai ji daɗin yankan kuɗin ba, na gani a fuskarsa, kuma har yanzu ina ganin an ɗora masa fiye da rabonsa. Amma ya fita daga zauren ya san adadin da ake bin sa da ranar da zai ƙare.

Na dawo Kano a ƙarshen Nuwamba, na shiga ɗakin baƙi na rufe. Kwana bakwai uwargida na ajiye abinci a bakin ƙofa, yara na gaishe ni ta taga. Gwajin ƙarshe ya fito lafiya. Sauran kuɗina suka iso a cikin wa'adi, da kwanakin jira goma sha biyu a lissafe, biyar na Akra, bakwai na gida. Bankunan da kuɗin suka ratsa sun yanki nasu a hanya, abin da ban sa a takarda ba, kuma tun daga lokacin nake sa shi.

Najeriya ta buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum ranar 16 ga Disamban 2020. Gana ba ta buɗe nata na ƙasa ba sai 28 ga Maris na 2022. A cikin azumin wannan shekarar wata lamba ta kira ni, na ɗauka sai na ji muryar telan, ga ƙarar mota a bayansa. Ya ce yana Paga, an buga masa hatimi, keken na saman mota a ɗaure cikin bargo. Bashin ya daɗe da ƙarewa, Alhaji ya biya kuɗin motar kamar yadda aka rubuta, har ya ƙara masa turmin atamfa ya kai wa iyali. Na tambaye shi wa zai fara gani idan ya isa. Ya ce 'yarsa, wadda aka haifa wata biyu bayan tafiyarsa, an ce masa yanzu har tana kiran sunan kowa a gidan.